Ɗinkin boutis na Faransa: me ya sa ake ɗaga shi sama a hasken taga?

A ina ake ganin wannan ɗinki?

Kowace shekara a watan Satumba, garin Sainte-Marie-aux-Mines da ke yankin Alsace a gabashin Faransa yakan cika da masu allura da zare daga ƙasashe daban-daban. Tun 1995 ake wannan baje koli. Ba a zaure ɗaya ake yinsa ba, ana rataye kayan ne a majami'u da ɗakunan taro na garin da ƙauyukan kwarin da garin yake ciki. Yawancin abin da ke bango haɗe-haɗen ƙyallaye ne masu launi kala-kala. Amma akwai rumfunan da za ka tarar da farin yadi zalla, mata sun yi cirko-cirko a kai. Wannan shi ne boutis, ana furta shi "buti".

To, mene ne shi?

Sana'a ce ta yankin Provence a kudancin ƙasar, musamman birnin Marseille. Ana haɗa fallen farin yadin auduga biyu marasa kauri, a zana fure ko rumman ko reshen inabi, sai a bi layin zanen da ƙananan ɗinki har kowane ganye ya zama ɗan aljihu a rufe. Daga nan ake juya bayan yadin, a buɗa tsakanin zaren saƙar da allura marar kaifi, a zura zaren auduga mai kauri irin lagwanin fitila. Ganye ɗaya bayan ɗaya ake cusawa, ana tura bakin zaren ciki da tsinke. Idan aka wanke, ƙofofin da allura ta bi sai su rufe, zanen ya taso ɓul-ɓul gaba da baya.

Ashe ba irin lifidin dawakinmu ba ne?

Sun yi kama ta wajen cusa auduga, amma lifidi ko'ina cike yake. A boutis zanen kaɗai ake cusawa, sauran wurin yadi biyu ne kawai. Shi ya sa masu sanin abin ba sa wani dogon bayani, ɗaga shi suke yi a taga. Inda aka cusa ya yi duhu, inda ba a cusa ba haske ya ratsa. Bargon da aka shimfiɗa wa auduga a tsakiya gaba ɗaya ba ya yin haka, komai kyansa.

Me ya sa Marseille?

Tashar jiragen ruwa ce da aka sauƙaƙa wa kuɗin fito tun 1669, auduga kuma tana shigo mata daga gabashin Bahar Rum. A 1686 masarautar Faransa ta haramta yadin auduga mai zanen launi irin na Indiya, dokar ba ta faɗi ba sai 1759. Farin ɗinkin Marseille kuwa ya ci kasuwarsa har ƙasashen waje.

Me ake yi da shi?

Kayan aure da na haihuwa: fatarin amarya, murfin gado, da wani ɗan murabba'i mai suna petassoun da ake shimfiɗawa a cinya kafin a karɓi jariri. Ni wannan ya fi burge ni, a ce an ɓata makonni ana ƙawata abin da aikinsa tare fitsarin jinjiri ne. Mai son ganin tsofaffin irinsu sai ya nufi gidan tarihin boutis mai suna Maison du Boutis a garin Calvisson, kusa da birnin Nîmes a kudancin Faransa.