Patoro zai iya korarka saboda addininka? Ga abin da dokar aiki ta ce a Nijar

Makon jiya wata ƙanwata da ke aiki a wani kamfani mai zaman kansa nan Yamai ta kira ni ranta a ɓace, wai an ɗauke ta daga wurin tarbar baƙi an maida ta can baya wurin takardu, da ta tambayi dalili sai shugabanta ya ce mata hijabinta ya yi girma, bai dace da fuskar kamfani ba. Ta ce yaya, shin yana da wannan ikon? Shi ya sa na ce bari in rubuta, don ba ita kaɗai ba ce.

Dokar da ke tsakanin ma'aikaci da mai ba shi aiki ita ce doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, wadda aka fi sani da Code du travail. Aya ta 5 ita ce tamu. Abin da take nufi a Hausance: mai ba da aiki ba shi da damar duba addininka, ko jinsinka, ko launin fatarka, ko ra'ayinka na siyasa, ko naƙasa, har ma da cutar sida da amosanin jini, ko kana cikin sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, ko ba ka ciki, wajen yanke hukunci a kanka. Kuma ba wajen ɗauka aiki kaɗai ba, har rabon aiki, ƙarin girma, albashi, horo, ladabtarwa da kora. Duk matakin da ya saɓa wa wannan, doka ta ce ba shi da tushe. To kun ga abin da aka yi wa ƙanwata ya faɗa cikin rabon aiki kenan, tunda shi da bakinsa ya faɗi dalili. Nijar ma ta sa hannu tun 1962 a yarjejeniya ta 111 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya wadda ta hana irin wannan wariya.

Amma fa a nan mutane ke ruɗewa. Ayar ta hana a cuce ka don addininka, ba ta ce ka ajiye aiki duk lokacin da ka ga dama ba, ba ta ƙidaya maka mintocin alwala da salla ba. Awa 40 na mako suna nan a kanka. Ma'aikatan gwamnati ranar Juma'a da wuri suke sauka, su nasu tsarin daban ne, amma mai aiki a gidan mai ko parmasi ko asibitin kuɗi, shi sai an zauna an tsara wa zai tafi masallaci wa zai tsaya. Haka in kana aiki gaban inji aka ce ka ɗaure mayafi ko ka sa hular kariya, wannan maganar tsaron rai ce, ba wariya ba. A Amurka dokarsu ta tilasta wa mai kamfani ya nemo maka sauƙi in ba zai jawo masa babbar asara ba, har kotun ƙolinsu ta ƙarfafa hakan a 2023 kan wani ma'aikacin gidan waya Kirista da ya ƙi aikin Lahadi. Mu a nan yawanci fahimta ce ta baki, kuma maganar baki ran da aka canza shugaba ta tashi.

Sai abin da ya fi damuna. Mu Musulmi mun kai kusan kashi 99 cikin 100 a ƙasar nan, don haka Juma'armu da azuminmu kusan kowa na ɗaga mana ƙafa ba sai mun roƙa ba. Amma abokin aikinmu Kirista fa, in ya ce a canza masa gadin Lahadi da safe ya je majami'a, sai ka ga ana tsaki ana cewa shi kullum da fitina, wallahi na gani da idona kuma bai yi mini daɗi ba. Ayar nan ba ta ambaci Musulunci ba, addini ta ce, kuma yadda ake hutun ƙaramar salla da layya da Mauludi haka ake hutun Kirsimeti da Litinin ɗin Ista a ƙasar nan. Na san wani gareji da Kiristan yake riƙe musu aiki lokacin Juma'a su kuma su riƙe masa Lahadi, shekara da shekaru ba wanda ya ji kansu.

In abin ya same ka, kada ka yi fushi ka ajiye aiki, in ka tafi da kanka ka raunana maganarka. Nemi a ba ka dalili a rubuce, ajiye saƙonnin WhatsApp da takardar kwantaraginka da na albashi, ka duba dokar cikin gida ta kamfanin ka ga me ta ce kan tufafi da lokutan hutu. Fara da wakilin ma'aikata in kuna da shi, in bai yiwu ba sai ofishin sufeton aiki, Yamai akwai, Tawa ma akwai, shi zai kira ku ya gwada sulhu, in sulhu ya ƙi sai kotun ma'aikata, can ne ake neman diyya in an kore ka ba bisa ƙa'ida ba. Ƙanwata dai ta rubuta takardarta ta kai wa wakilinsu ranar Litinin, muna jiran amsa.