King Curtis: mabushin da aka fi sanin busarsa fiye da sunansa

Wane ne King Curtis?

Sunansa na gaskiya Curtis Ousley, Baƙar fatar Amurka ne. An haife shi ranar 7 ga Fabrairu 1934 a garin Fort Worth na jihar Texas. Ya fara busa saksofon yana ɗan shekara 12, kuma ya yi makarantar sakandare ta I.M. Terrell tare da Ornette Coleman, wanda shi ma ya zama gwani a kiɗan jazz. Curtis ya yi aiki a ƙungiyar makaɗan Lionel Hampton, sannan a 1952 ya koma New York da zama, inda kamfanonin faifai suke.

Mene ne saksofon ɗin ma?

Abin busa ne na tagulla mai lanƙwasa, wanda wani ɗan Beljiyam, Adolphe Sax, ya ƙera ya yi masa rajista a 1846. Akwai ɗan siririn kara a bakinsa da ke karkarwa idan an hura, kusan yadda bakin algaita yake aiki. Duk wanda ya ga hoton Fela Kuti riƙe da abin busa, to shi ne ya gani. Curtis ya fi riƙe nau'in da ake kira tenor, mai kaurin murya irin ta namiji.

Me ya sa ba a san sunansa sosai ba?

Saboda irin aikin da ya fi yi. Mawaƙi zai zo ɗakin ɗaukar faifai, a kira Curtis, ya busa nasa, a biya shi kuɗin zaman ranar, sunan mawaƙin ne zai hau faifan. Waƙoƙin lokacin galibi ba sa wuce minti uku, rabon mabushi kuwa wasu 'yan daƙiƙu ne a tsakiya, lokacin da mawaƙi yake numfasawa. A cikin wannan ɗan gurbin dole ya faɗi magana cikakkiya, mai farko da ƙarshe, wadda mai sauraro zai tafi yana rerawa.

Nan ne gwanintarsa take, kuma ni a ganina ba a yi masa adalci idan aka ce shi ɗan rakiya ne kawai. A 1958 ya busa a waƙar "Yakety Yak" ta ƙungiyar The Coasters, busa mai in'ina kamar kaza tana ƙyarƙyara, har mabusa da dama suka riƙa kwaikwayonta. A shekarar kuma ya yi aiki da Buddy Holly. A 1967 shi ne ya busa a tsakiyar "Respect" ta Aretha Franklin. Mun san wannan a gida: ana kiran sunan mawaƙi, amma cire mai kalangu da 'yan amshi ka ji abin da zai saura.

Bai yi faifai da sunansa ba ke nan?

Ya yi, sun kuma karɓu. "Soul Twist" ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin R&B (wani salon kiɗan Baƙar fata) na Amurka a 1962. "Soul Serenade" ta fito a 1964. A "Memphis Soul Stew" ta 1967 yana magana kamar mai haɗa miya, yana kiran kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya shigo, har tukunya ta tafasa. Ya samu kyautar Grammy a 1970 da "Games People Play". Ƙungiyarsa tana cikin waɗanda suka buɗe wa The Beatles fage a filin wasa na Shea a 1965, Jimi Hendrix ma ya ɗan kaɗa masa jita kafin ya yi suna.

Shin ɗan blues ne, ko ɗan jazz?

Ya iya duka. Ya ɗauki faifan jazz da Nat Adderley da Wynton Kelly. Amma tushensa salon mabusan Texas ne irin su Illinois Jacquet da Arnett Cobb: murya mai faɗi, mai gurnani, mai jan sauti kamar kukan mutum. Wannan jinin blues ne, tsohon kiɗan Baƙar fatar Amurka mai bayyana ɓacin rai. A watan Yuni 1971 ya hau dandamali a Montreux ta ƙasar Suwizalan tare da dattijon blues Champion Jack Dupree, aka ɗauki wasan a faifai.

Yaya rayuwarsa ta ƙare?

Shekarar 1971 ce ta fi yi masa kyau. A watan Maris ya jagoranci makaɗan Aretha a zauren Fillmore West na San Francisco, a Yuli ya busa wa John Lennon a faifan Imagine. A watan Agusta ya tarar da wasu mutane a bakin ƙofar gidansa da ke titi na 86 a Manhattan, ya ce su tashi, gardama ta kaure, ɗayansu ya daɓa masa wuƙa. Ya rasu ranar 13 ga Agusta 1971 yana da shekara 37.

Ranar jana'izarsa kamfanin faifai na Atlantic, wanda yake yi wa aiki, ya rufe ofisoshinsa. Jesse Jackson ne ya yi huɗuba, Aretha Franklin da Stevie Wonder suka yi waƙa. A shekarar 2000 aka shigar da sunansa zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame, a rukunin makaɗan da suke tsayawa bayan mawaƙi.