Dokar sinadaran nukiliya a Najeriya: me ya sa lasisi ba ya ƙarewa da mutuwar na'ura?

A 1995 aka kafa dokar kare jama'a daga tururin nukiliya a Najeriya, ita ce ta haifi NNRA, hukumar da ke sa ido kan harkar nukiliya a ƙasar, wadda ta soma aiki a 2001. Abin da dokar ta ce a taƙaice: ba wanda zai shigo da sinadari mai fitar da wannan tururi, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya yi aiki da shi, ko ya ajiye, ko ya zubar, sai da izinin hukumar. Wannan ya shafi asibitin da ke gasa cutar daji da kobalt-60, da kamfanin da ke leƙa waldar bututun mai da iridiyam-192, da masu haƙar rijiyoyin mai.

Wurin da mutane ba su cika fahimta ba shi ne maganar ajiya da zubarwa. Na'ura ta tsufa, an daina aiki da ita, to ina ruwan hukuma kuma?

Ai sinadarin ba ya mutuwa kamar batir, raguwa yake yi rabi-rabi, kuma kowanne da wa'adinsa. Wanda ake ɗura wa majinyaci don hoton ƙashi, wato teknishiyam-99m, cikin awa 6 ƙarfinsa ya rabu biyu. Iridiyam-192 kwana 74. Kobalt-60 kuwa sai shekara 5 da 'yan watanni. Ke nan a ranar da likita ya ga kobalt ɗinsa ya yi sanyi, gasa cutar na ɗaukar lokaci, abin da ya rage a ciki ya isa ya kashe duk wanda ya buɗe shi. Shi ya sa mai lasisi ke ci gaba da ɗaukar alhaki har a mayar wa kamfanin da ya ƙera, ko a kai ma'ajiyar da hukuma ta amince da ita.

Duk lokacin da na ga yaro da buhu da mayen ƙarfe yana bin bola, garin Goyaniya na Brazil nake tunawa. A 1987 wasu mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka ƙaurace wa, suka kwance kan na'urar gasa cutar daji, daga baya aka sayar wa mai sayen gwangwan. Da aka fasa, sai ga gari mai shuɗin haske cikin duhu. Aka yi ta rarraba wa 'yan uwa, ana shafawa a jiki. Mutum huɗu suka rasu, har da yarinya 'yar shekara 6. Sisiyam-137 ne, mai wa'adin shekara 30, don haka har yau fiye da sulusin ƙarfinsa na nan.

Ƙa'idojin da hukumar NNRA ta fitar a 2003 sun kuma yanke iyakar tururin da jiki zai sha, a ma'aunin da ake kira milisibat: mai aiki da sinadarin milisibat 20 a shekara a matsakaici, sauran jama'a 1 kacal, ban da abin da likita ya rubuta.

Ɗan gwangwan da ya ci karo da ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa, ɗauke da alama mai fuka-fuki uku kamar fanka a kan ruwan ɗorawa, kada ya sa masa guduma. Ya ja baya, ya kori yara daga wurin, a kira 'yan sanda su sanar da hukumar.