Waiwaye: Gwagwarmayar Koriya ta Kudu da zagi a intanet, daga aikin gida na ɗalibai zuwa rufe akwatin sharhi

A farkon shekarar 2007 wani malamin Turanci a jami'ar Chung-Ang da ke birnin Seoul, Farfesa Min Byoung-chul, ya ba ɗalibansa aikin gida irin wanda ba su saba da shi ba. Ya ce kowannensu ya nemo shafukan fitattun mutane goma da ake yi wa ruwan zagi a intanet, ya rubuta wa kowane ɗaya kalmar ƙarfafa gwiwa. Ɗaliban su 570 ne, don haka cikin ɗan lokaci saƙonni 5,700 suka sauka a shafukan da a da ba a ganin komai a cikinsu sai ashar da habaici. Abin da ya tunzura malamin shi ne rasuwar wata mawaƙiya mai suna U;Nee a watan Janairun shekarar, tana da shekara 25, bayan ta daɗe tana shan cin mutunci kan kamanninta da suturarta. A watan Mayu ya mayar da wannan aiki gangami mai zaman kansa da ya kira Sunfull, wanda daga baya ya zama gidauniya, kuma matasa 'yan makaranta ne ƙashin bayansa har gobe.

Ba haka kawai Koriya ta Kudu ta riga yawancin ƙasashe ɗanɗana wannan masifa ba. Bayan durƙushewar tattalin arzikin Asiya a 1997, gwamnatin Shugaba Kim Dae-jung ta zuba ƙarfinta wajen shimfiɗa intanet mai sauri, kafin a ankara ya shiga gidaje, ga kuma shagunan hayar kwamfuta a kowane lungu inda samari ke kwana. Tun kafin duniya ta san Facebook, matasan ƙasar sun riga sun buɗe ƙananan shafukansu a dandalin Cyworld. Amma abin da ya fi muhimmanci a wannan labari shi ne yadda suke karanta labarai. Galibinsu ba sa zuwa shafin jarida kai tsaye, ta manyan ƙofofi biyu suke shiga, Naver da Daum, kuma a ƙarƙashin kowane labari akwai akwatin sharhi, wanda ya fi samun masu so shi ke hayewa sama. Ke nan ƙasa mai mutum kusan miliyan 50 kasuwa ɗaya take ci, duk wanda aka yi wa ihu a bakin rumfa kowa ya ji.

A watan Yunin 2005 aka ga iyakar abin da wannan taro zai iya. Wata budurwa ta shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a Seoul da ɗan karenta, karen ya yi kashi a cikin tarago, fasinjoji suka ce ta kwashe, ta ƙi, ta sauka abinta. Wani ya ɗauki hotonta ya ɗora a intanet. Cikin 'yan kwanaki an laƙaba mata suna na wulaƙanci, jama'a sun bazama neman ko ita wace ce da inda take karatu, hotonta ya zama abin barkwanci a ko'ina. Ta yi rashin ta-ido, ba mai musun wannan. Sai dai hukuncin da ta sha ya zarce laifin nesa ba kusa ba, kuma babu alƙalin da za a je wa a ɗaukaka ƙara.

Saboda haka a 2007 hanyoyi biyu suka buɗe kusan lokaci guda. Malamin jami'a ya bi ta lallashi, gwamnati kuma ta bi ta doka. Daga watan Yulin shekarar aka wajabta wa manyan shafuka, waɗanda ke samun maziyarta 300,000 zuwa sama a rana, su tantance ainihin sunan mutum da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa kafin su bar shi ya rubuta sharhi. Hujjar mai sauƙi ce, kuma har yau ana jin ta a bakin mutane a ƙasashe da dama: ai ɓuya ce ke ba mai zagi ƙarfin hali, ka cire masa rufin fuska zai shiga taitayinsa.

Dokar tana aiki lokacin da Choi Jin-sil ta rasu a ranar 2 ga Oktoban 2008. Tana cikin manyan 'yan wasan kwaikwayo da ƙasar ta taɓa yi, tana da shekara 39 da 'ya'ya biyu ƙanana. Makonni kaɗan kafin nan wani ɗan wasa, Ahn Jae-hwan, ya mutu cikin ɗimbin bashi, sai ji-ta-ji-ta ta ɓarke cewa ita ce ta ba shi rancen kuɗi da ruwa ta matsa masa lamba. Ta musanta, ta kai ƙara wurin 'yan sanda, amma magana zarar bunu ce. Mutuwarta ta girgiza ƙasar. Jam'iyya mai mulki ta yunƙuro da wani ƙuduri na hukunta cin mutunci a intanet, har jama'a suka riƙa kiransa da sunanta, 'yan adawa suka ce fakewa ake da guzuma a harbi karsana, ƙudurin bai kai labari ba. Abin da aka yi dai shi ne faɗaɗa dokar suna a 2009 ta haɗa da duk shafin da ke samun maziyarta 100,000.

Zargin 'yan adawar ba na banza ba ne. A watan Janairun 2009 aka kama wani matashi, Park Dae-sung, wanda ke rubutu kan tattalin arziki a Daum da sunan Minerva, yana sukar gwamnati, hasashensa kuma yana yawan dacewa. Aka tuhume shi da yaɗa ƙarya. Kotu ta wanke shi a watan Afrilu, bayan ya shafe watanni a tsare, sannan a ƙarshen 2010 Kotun Tsarin Mulki ta soke sashen dokar da aka kama shi da shi. Mai karatu a Najeriya ba zai ji wannan baƙo ba, idan ya tuna yadda sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka ce don kare mutane daga tsangwama aka yi shi, ya zama igiyar ɗaure 'yan jarida da masu sukar hukuma, har aka yi masa gyara a 2024.

Kamfanin Google kuwa wata dabara ya yi. A watan Afrilun 2009, maimakon ya bi dokar, sai ya toshe damar ɗora bidiyo da rubuta sharhi a YouTube ga duk wanda ya zaɓi Koriya a matsayin ƙasarsa. Mutum ya sauya ƙasa a saitinsa, shi ke nan ya ci gaba da harkarsa. Kamfanonin cikin gida ne suka ɗauki nauyin dokar, na waje suka kwashe masu amfani.

Shin zagin ya ragu? Lissafin da hukumar sadarwa ta ƙasar ta fitar ya nuna raguwar da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Labarin mawaƙi Tablo ya isa misali. A 2010 wasu suka kafa dandali a Naver, wanda ya tara mutane sama da dubu ɗari, ba su da aiki sai tabbatar da cewa ƙarya yake bai yi karatu a jami'ar Stanford ta Amurka ba. Ya fito da takardunsa, jami'ar ta gaskata shi, gidan talabijin na MBC ya bi shi har harabar makarantar ana gaisawa da malamansa, 'yan sanda suka bincika suka ce gaskiya ya faɗa. Duk da haka wasu suka ce an sayi kowa. Suka addabi iyayensa da 'yan uwansa. Sai a 2012 kotu ta ɗaure wasu daga cikinsu. Waɗannan mutane ba rashin tsoron a gane su ne ya ingiza su ba, sun yi imani ne cewa aikin gaskiya suke yi, kuma wanda ya ɗauki kansa mai kare gaskiya ba ya jin kunyar sunansa.

Abin da ya ƙarasa dokar ya zo ta inda ba a zata ba. Tunda an tilasta wa kamfanoni tara sunaye da lambobin shaida, sai rumbunansu suka zama abin kwaɗayin ɓarayi. A watan Yulin 2011 aka yi kutse a shafin Nate, wata ƙofar intanet ta ƙasar, da Cyworld aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 35, wato mafi yawan al'ummar ƙasar. A ranar 23 ga Agustan 2012 alƙalan Kotun Tsarin Mulki suka soke dokar da murya ɗaya. Suka ce ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, ba ta rage munanan rubuce-rubuce yadda za a nuna ba, ta kuma kori mutane zuwa shafukan ƙetare.

Shekara biyar dokar ta yi. Gangamin malamin kuwa yana nan, kuma dalilin ɗorewarsa ba ya rasa nasaba da yadda ya shige cikin tsarin makarantu. A Koriya ana ƙirga wa ɗalibi awannin aikin sa kai, ana rubuta su a takardarsa. Sunfull ta samu aka amince rubuta sharhi mai kyau ya shiga wannan lissafi: yaro ya karanta labari, ya rubuta tsokaci mai ma'ana, ya ɗora a shafin gidauniyar, malami ya duba, idan ya tara ashirin a ba shi awa guda. Makarantu suka kafa ƙungiyoyi, yara suka riƙa fita tituna da kwalaye da furen sunflawa, wanda shi ne tambarinsu. An ware Juma'ar farko ta watan Nuwamba a matsayin ranar gangamin. Har 'yan majalisar dokoki an sa sun rattaba hannu kan alkawarin gyara harshe, abin da duk mai kallon zaman majalisar ƙasar zai yi wa murmushi.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma ina ganin rabin gaskiya na wurinsu. Yabon da aka rubuta don a cika awa ba lallai ya fito daga zuciya ba. Babu kuma wanda zai ce saƙo ɗari na alheri yana goge ƙazafi ɗaya a ran wanda aka yi wa, domin mutum kan tsallake yabo ya tsaya kan zagin ya yi ta juya shi har asuba. Amma idan aka auna gangamin da cewa zai tare masu zagi, an auna shi da mudun da ba nasa ba. Amfaninsa yana kan mai rubutun. Yaro ɗan shekara goma sha uku da aka sa ya karanta labari har ƙarshe kafin ya ce uffan, ya kuma yi tunanin akwai mutum mai uwa da uba a ɗaya ɓangaren, ya koyi abin da manya da yawa ba su iya ba. Wannan tarbiyya ce, tana cin shekaru, ba kuma a ganin sakamakonta a jadawali.

Shi ya sa abin da ya faru a ƙarshen 2019 bai kamata a ɗora wa gangamin ba, ko da yake ya nuna iyakarsa. A ranar 14 ga Oktoba aka tarar da gawar Sulli, mawaƙiya kuma 'yar wasa mai shekara 25, wadda aka yi shekaru ana caccaka kan suturarta da soyayyarta da ra'ayinta game da 'yancin mata. A watannin ƙarshe na rayuwarta tana cikin masu gabatar da wani shirin talabijin inda fitattun mutane ke karanta zagin da aka yi musu da bakinsu, su mayar da martani. Makonni shida bayan haka ƙawarta Goo Hara ita ma ta rasu tana da shekara 28. Ba daidai ba ne a ce sharhi kaɗai ya kashe su. Akwai ciwon damuwa, akwai matsin masana'antar nishaɗi, ga shi kuma ƙasar ce kan gaba a yawan masu kashe kansu cikin ƙasashen OECD, ƙungiyar da galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki. Amma kowa ya ga rawar da akwatin sharhi ya taka.

A wannan karon kamfanonin ne suka motsa. Kafin watan Oktoba ya ƙare kamfanin Kakao, mai Daum a lokacin, ya rufe sharhi a ƙarƙashin labaran nishaɗi baki ɗaya. Naver ya bi sahu a watan Maris na 2020, ya kuma fara bayyana tarihin duk sharhin da mutum ya taɓa rubutawa, ta yadda kowa zai latsa sunansa ya ga halinsa. A watan Agustan shekarar, bayan rasuwar 'yar wasan ƙwallon raga Go Yoo-min, aka rufe sharhi a labaran wasanni ma. A 2023 Daum ya sauya tsarinsa ta yadda hirar da ke ƙarƙashin labari ke ɓacewa bayan awa 24. Shekara goma sha biyu aka yi ana roƙon jama'a su gyara baki, ana yi musu barazana da kotu, alhali makullin yana aljihun masu shagon.

Kuma kotun ba wasa take ba. A Koriya ɓata suna ta intanet na iya jawo ɗaurin shekara bakwai idan ƙarya ce, shekara uku ko da abin da aka faɗa gaskiya ne. Kamfanonin mawaƙa yanzu sukan fitar da sanarwa lokaci-lokaci cewa sun tattara shaidu sun shigar da ƙara, magoya baya kuma su ne ke aiko musu da hotunan rubuce-rubucen.

Sai dai taron bai watse ba, wuri ya sauya. Ya koma YouTube da Instagram, inda zagi ya zama sana'a, domin mai tashar tsegumi kuɗi yake samu gwargwadon yawan masu kallo. Lokacin da mawaƙiya Jang Won-young da kamfaninta suka so gurfanar da mai wata tasha da ta daɗe tana yi mata ƙage, sai da suka je wata kotu a jihar Kalifoniya ta Amurka kafin Google ya ba da bayanan mai tashar, sannan aka iya shari'a a Seoul, aka kuma ci mai tashar tarar diyya. Wannan hanya ce ta mai kuɗin lauyoyi a ƙasashe biyu. A watan Fabrairun 2025 'yar wasa Kim Sae-ron ta rasu tana da shekara 24, kusan shekara uku bayan an kama ta da laifin tuƙi cikin maye, laifin da ta biya tararsa a kotu amma tashoshin tsegumi da wasu jaridu suka ci gaba da bibiyar duk inda ta nemi aiki.