Kamun Kifin Bass

Bass suna ne da Amurkawa ke kiran wasu kifayen ruwan daɗi na dangin Micropterus, waɗanda asalinsu gabashi da tsakiyar Amurka ta Arewa ne. Biyu ne suka fi shahara: mai babban baki, wanda ke son ruwa mai ɗumi da ciyayi, da mai ƙaramin baki, wanda ya fi zama a koguna da tafkuna masu sanyi da duwatsu. Ana cin namansa, amma ba don tukunya akasarin mutane ke bin sa ba. Abin da ya ɗaukaka shi a wurin masu fatsar nishaɗi shi ne yadda yake kai wa koto farmaki da yadda yake tsalle sama da ruwa yana girgiza kai don ya tofar da ƙugiya.

Halin kifin

Bass mai babban baki ɗan kwanton ɓauna ne. Yakan laɓe a gindin kututture, ko ƙarƙashin ganyen bado, ko inuwar gada, sai abin ci ya gifta ya buɗe baki ya zuƙe shi tare da ruwa. Ƙananan kifaye su ne abincinsa na yau da kullum, amma ba ya ƙin kwaɗo, jatan lande, ƙwari, har ɗan agwagwa. Yana farauta da ido, yana kuma jin motsin ruwa ta wani layi da ya bi gefen jikinsa, shi ya sa ko a ruwa mai laka yake samun abin da ke motsi.

Yana hayayyafa idan sanyin hunturu ya wuce, ɗumin ruwa ya kai kimanin digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Selshiyos. Namiji ne ke share gurbi a wuri mara zurfi, mace ta zuba ƙwai ta tafi, shi kuma ya tsaya gadi har 'ya'yan su fara yawo. Mata sun fi maza girma nesa ba kusa ba, kuma duk wani ƙaton bass da aka yi labarinsa kusan mace ce.

Tarihi

A 1881 wani likita, James Henshall, ya wallafa littafi sukutum a kan wannan kifi, a zamanin da manyan mutane suka fi girmama kamun kifin trout. Ranar 2 ga Yuni 1932 wani matashin manomi mai suna George Perry ya kama bass mai nauyin kilo 10 da 'yan kai a Tafkin Montgomery da ke jihar Jojiya. An auna kifin, sannan iyalinsa suka cinye shi, domin lokacin matsin tattalin arziki ne. Bajintar kama bass mafi nauyi a duniya ta yi shekara 77 babu wanda ya kamo ta.

Manyan madatsun ruwa da aka gina a kudancin Amurka a tsakiyar ƙarni na 20 sun samar wa kifin sabon mazauni mai faɗi. Ray Scott, wani dillalin inshora daga Alabama, ya shirya gasa a Tafkin Beaver na jihar Arkansas a 1967, ya kafa ƙungiyar masu fatsar bass ta B.A.S.S. a 1968, aka kuma yi gasar Bassmaster Classic ta farko a Tafkin Mead a 1971. Daga 1972 ƙungiyar ta shiga kiran mutane su riƙa mayar da kifin ruwa da ransa. Kiran ya karɓu har ya zama al'ada, kuma kamar yadda za a gani a ƙasa, al'adar tana da nata illar a ƙananan tafkuna.

Kayan aiki

Sanda ɗaya mai tsawon mita 2 ko ɗan fiye, mai matsakaicin ƙarfi, ta ishi mai koyo. Na'urar naɗe zare iri biyu ce. Wadda ke rataye ƙarƙashin sanda ta fi sauƙin sarrafawa, ta kuma dace da koto mara nauyi. Wadda ke zama a saman sanda ta fi kai jifa daidai inda ake so, sai dai tana buƙatar babban yatsa ya riƙa taka wa kwarkwaronta birki. Wanda bai saba ba, jifa ɗaya zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu, ya ɓata rabin safiya yana warwara.

Zare ma iri uku ne. Na nailan yana da araha, yana miƙewa, yana kuma shawagi, don haka ya dace da koton saman ruwa. Na fulorokabon yana nutsewa kuma da wuya kifi ya gan shi. Saƙaƙƙen zare ba ya miƙewa ko kaɗan, shi ake ɗaurawa idan za a fizgo kifi daga cikin ciyawa mai kauri.

Koton roba da na katako sun cika shaguna, kala-kala, kuma da yawansu sun fi kama mai saye fiye da kifi. Kaɗan ne suka zama dole. Tanar roba, wadda Nick Creme ya fara yi a jihar Ohio a 1949, ita ce kan gaba. Sai ƙaramin kifin katako irin wanda Lauri Rapala ya fara sassaƙawa da ɓawon itace a Finland a 1936, wanda ke karkarwa idan ana jan sa kamar kifi mai rauni. Akwai mai faifan ƙarfe da ke juyawa yana walƙiya, da ƙugiya mai kan dalma da gashin roba wadda ke kwaikwayon jatan lande, da kwaɗon roba na saman ruwa.

Dabaru

Tambayar farko ita ce ina kifin yake, zaɓen koto kuwa bayanta yake zuwa. Lokacin hayayyafa yana gefe-gefe. Da zafi ya tsananta sai ya koma zurfi ko inuwa, ya fito cin abinci da asuba da almuru. Da kaka yakan bi garken ƙananan kifaye zuwa bakin ƙoramu. A hunturu jikinsa ya mutu, sai an ja masa koto a hankali har kusa da baki.

Ɗaurin da ake kira na Teksas shi ne darasin farko. Ana zura dalma mai siffar harsashi a zare, a ɗaura ƙugiya, a soka ta ta kan tanar roba, a fito da ita, sannan a mayar da tsininta a ɓoye cikin jikin robar. Da haka koto zai ratsa rassa da ciyawa bai maƙale ba. Mai fatsa ya jefa, ya bari ta nutse har ƙasa, ya ɗaga kan sanda kaɗan, ya sake. Cizon sau da yawa ba wani fizga ba ne: ɗan ƙwanƙwasa ne sau ɗaya, ko kawai a ga zare yana tafiya gefe shi kaɗai. Nan ake naɗe sako-sakon zare a ɗaga sanda da ƙarfi.

Kwaɗon roba kuwa haƙuri yake so. Kifin kan fasa ruwa da ƙara, hannu kuma ya yi saurin fizga tun bai rufe baki ba. Ƙwararru kan ce a jira har a ji nauyin kifin a sanda tukuna.

Kula da tafki

Akasarin abin da aka sani game da ƙananan tafkunan gona ya samo tushe daga gwaje-gwajen Homer Swingle a Auburn, jihar Alabama, tun daga shekarun 1930. Shi ya tabbatar da haɗa bass da wani ɗan faffaɗan kifi mai yawan haihuwa da ake kira bluegill: bluegill ya zama abinci, bass ya hana shi cika tafki. Masu kiwon karfasa a Afirka sun san irin wannan lissafi, domin su ma sukan saka tarwaɗa ko giwan ruwa su rage 'ya'yan karfasa. A kudancin Amurka ma akan zuba karfasa lokacin zafi don ƙara wa bass abinci.

Ƙa'idar da aka saba ita ce bluegill 10 ga kowane bass ɗaya: 500 da 50 a kowace eka idan ba a sa taki, ninkin haka idan ana sawa. Ana fara zuba bluegill da kaka, bass ya biyo baya bayan hunturu, don ya tarar da abinci a ƙasa. Taki yana haɓaka ƙananan halittun da ke mayar da ruwa kore, kuma ana auna shi da farin faifai da ake nutsarwa: idan ya ɓace wa ido a zurfin santimita 45 zuwa 60, ruwan ya yi daidai. Inda ƙasa ke da tsami sai an fara zuba farar ƙasa ta noma, in ba haka ba takin asara ne. Taki in ya yi yawa kuma, ga zafi ga kwanakin hadari a jere, iskar oksijin kan ƙare kafin wayewar gari, a tashi a tarar da manyan kifaye sun taso ciki sama.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tausayi. Mai tafki ya taso da al'adar sakin duk abin da ya kama, bass ya yi ta haihuwa, ya cinye 'ya'yan bluegill tun suna ƙanana. Bayan 'yan shekaru tafki ya cika da bass masu ƙaton kai da siririn jiki, tsawonsu bai wuce santimita 25 zuwa 30 ba, kuma ba za su ƙara ba. Bass na buƙatar kusan kilo 10 na ƙananan kifaye kafin ya ƙara kilo ɗaya, tafki kuwa iyakarsa ke nan. Maganin shi ne a riƙa kwashe ƙananan, daga shekara ta uku, kimanin kilo 5 zuwa 12 a kowace eka duk shekara, a bar manya. Tafkin da bai kai eka ɗaya ba yana da wuyar daidaitawa, shi ya sa jami'an gona kan ba da shawarar a zuba tarwaɗa kaɗai a cikinsa.

A wajen Amurka

An kai bass Japan a 1925, Afirka ta Kudu a 1928, da Tafkin Naivasha na Kenya a 1929. Inda ya sauka yakan cinye kifayen asali, har ya shiga jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN. A Tafkin Atitlan na Guatemala yana cikin abubuwan da suka ƙarar da wani tsuntsun ruwa da babu irinsa a ko'ina.

A Tafkin Biwa na Japan, hukumomin lardin Shiga sun hana mayar da shi ruwa tun 2003, har suka ajiye akwatuna a bakin tafki don a zuba wanda aka kama. A wannan tafkin ne Manabu Kurita ya kama bass mai kilo 10.12 ranar 2 ga Yuli 2009. Ya ɗara na Perry da 'yan giram, amma dokar IGFA, ƙungiyar da ke ajiye tarihin bajintar kamun kifi ta duniya, ta ce sai ratar ta kai kimanin giram 57, don haka aka rubuta su kunnen doki.