Waiwaye: daga gardamar Einstein zuwa auna kiyubit biyu-biyu

Ɗaliban fiziks na nan Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke ta jin labarin kwamfutar kwantam a YouTube, ku sani asalin zancen nan gardama ce. A 1935 Einstein da Podolsky da Rosen suka ce ba yadda za a yi ƙwayoyi biyu su sarƙe har ka auna ɗaya ka san halin ɗayar komai nisanta sai in akwai wani abu ɓoye da ba a gano ba, aka yi ta jan magana har 1964 John Bell ya kawo lissafin da za a iya gwadawa, Clauser ya gwada a 1972, Aspect a 1982, kuma sakamakon bai goyi bayan Einstein ba.

Duk wanga a kan ƙwayoyi biyu ne fa. Da aka kai uku sai lamari ya rikice. A yanayin GHZ na 1989 (daga sunayen Greenberger da Horne da Zeilinger), kiyubit uku, wato ƙwayoyin da ke ɗaukar bayani a kwamfutar kwantam, suna sarƙe tsaf amma ka ware biyu ka ƙyale ta ukun, ba sauran sarƙewa tsakaninsu. Yanayin W da Dür da Vidal da Cirac suka bayyana a 2000 kuwa, ko ka jefar da ɗaya sauran biyun suna nan a sarƙe.

Ni dai inda abin ya fi burge ni 1993 ne, aikin Zukowski da Zeilinger da Horne da Ekert. A ce kana da kiyubit huɗu, A na sarƙe da B, C kuma da D, sai ka kama B da C ka yi musu awon Bell, wato ka auna su a haɗe, ba kowa daban ba, kawai sai A da D su sarƙe alhali ba su taɓa haɗuwa ba, kamar dillalin shanu ya ƙulla ciniki tsakanin mutum biyu da ba su san juna ba. Awon kan faɗa ɗaya cikin sakamako huɗu, kuma dole a sanar da masu A da D wanne ya fito ta waya ko intanet, shi ya sa masu cewa saƙo zai wuce saurin haske ke tafka kuskure. An tabbatar da wannan dabara a Innsbruck ta ƙasar Austria a 1998, a 2015 kuma masu bincike na Delft ta ƙasar Netherlands suka yi amfani da ita tsakanin ɗakunan gwaji biyu masu nisan kilomita 1.3.

Matsalar ita ce in kiyubit ɗin ƙwayoyin haske ne kuma da madubai da na'urar raba haske kawai kake aiki, biyu cikin sakamako huɗun nan na awon Bell kaɗai kake iya bambancewa, rabin gwajin ya tafi a banza kenan.