Haƙori na shida baya famfara, iyaye mata a duba bakin yara

Assalamu alaikum iyaye mata na nan Makka, musamman ƴan uwana na Shari' Mansur da Misfala da Hindawiyya. Ina aiki ne a ɓangaren haƙori na wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ni ke taimaka ma likita kuma ni ake kira in an kawo Bahaushiya da Larabcinta bai nuna ba, toh akwai abinda ya daɗe yana ci min rai gara in faɗa.

Satin da ya wuce wata baiwar Allah ta kawo yarinyarta ƴar shekara 8, kumatu ya kumbura har ido ya ƙanƙance, kwana uku bata yi baccin kirki ba. Tana riƙe da gefen abayar uwar ko baki bata iya buɗewa sosai. Likita ya haska, haƙorin can ƙurya na ƙasa ya zama kogo baƙi ƙirin. Na tambayi uwar nace Hajiya tun yaushe kika ga ramin nan, tace ai ya fi shekara, na ɗauka na famfara ne zai faɗi da kansa wani ya fito. Wallahi sai da jikina yayi sanyi, don wannan haƙorin babu wani a bayansa, shine nata na har tsufa. Kuma ba sakaci bane irin na rashin kula, matar nan tsaf take da ɗiyarta, kawai babu wanda ya taɓa gaya mata.

Ga yadda abin yake. Haƙoran yarinta guda 20 ne, goma sama goma ƙasa, na manya kuma 32. Famfara tana farawa wajen shekara 6, wani yaron 5 wani sai 7, yawanci na gaba biyu na ƙasa su ke fara girgiɗi, a haka a haka har wajen shekara 12 kafin a gama. To a daidai lokacin da hankalin kowa yake kan wawulon gaba ana tsokanar yaro, a can ƙurya wasu turame guda huɗu suna fitowa shiru, biyu sama biyu ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya basu wuri ba. Shi yasa ake ɗaukarsu na yarinta. Ki kunna fitilar waya ki ce yaro ya buɗe baki, ki fara ƙirga daga tsakiyar gaba zuwa gefe ɗaya, ɗaya biyu uku huɗu biyar, waɗannan biyar ɗin su ke famfara. In kin ga na shida, babba mai faɗi da ƴan kwaruruka a samansa, wannan na dindindin ne. Cikin kwarurukan nan abinci ke maƙalewa, kuma buroshin yaro baya kaiwa can in ba an nuna masa ba. Akwai wani shafi da likita ke yi ya toshe su tun kafin susa, wato ruɓewar haƙori, ta kama, ba allura ba zafi, ki tambaya.

Su kansu na yarintar ba abin yarwa bane. Turamen yarinta sai wajen shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa, kinga yaro ɗan shekara 4 da turminsa ya ruɓe in kika ce a bari ai zai faɗi, shekara shida ko fi kenan yana fama, baya tauna nama baya bacci yana fashin madarasa. In kuma aka cire shi da wuri na kusa da shi sai su matso su cinye wurin, sabon yazo fitowa bai samu hanya ba ya fito a karkace, daga baya a zo ana maganar saka waya ta dubban riyal.

Abinda ke kashe haƙoran yaranmu anan kowa ya sani, baƙala wato kanti a ƙofar gida, riyal ɗaya biyu a hannu, asir wato lemun kwali da halawa da biskit tun safe har dare. A 2017 gwamnati ta ɗora harajin kashi 50 kan lemun gas amma ban ga an rage ba wa yaran ba. Ba yawan zaƙin kaɗai ba, yawan maimaitawa shine matsalar, duk sanda sukari ya taɓa baki ƙwayoyin cuta suna mayar da shi tsami mai cin haƙori, in ana ɗan tsotsa duk bayan awa ɗaya haƙorin baya samun hutu. Gara a bashi zaƙinsa bayan abinci ya kora da ruwa. Dabino ma mai albarka ne amma yana mannewa. Sai feeda da shayi ko asir a bakin yaro yana bacci, dan Allah a daina wannan.

Goge baki sau biyu, na dare kafin kwanciya yafi muhimmanci, da man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, ɗan ƙasa da shekara 3 kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙaramar ƙwayar wake, ya tofar kar ya kuskure da ruwa. Ke zaki goge masa ko ki tsaya a kansa har wajen shekara 7 ko 8. Asuwaki sunna ne kuma yana da amfani, ga shi nan a ƙofar kowane masallaci, a koya musu, amma a haɗa da buroshi saboda na ƙuryar.

Haƙorin da ke girgiɗi a barshi, saiwarsa ce ke narkewa a hankali, yaro ya dinga motsa shi da harshe zai fita da kansa, ba sai an ɗaura zare an fizge ba. In yayi jini ya ciji auduga ko tsumma mai tsabta na minti goma. Mu da muna yara ana cewa a ɓoye kar ƙadangare ya gani, ƴaƴan Larabawa kuma rana suke jefa ma nasu, duk wannan ba komai. Sabon in ya fito ya ɗan fi tsohon rawaya da baki kamar zarto lafiya ne. In ya fito ta bayan tsohon layi biyu yawanci yana gyaruwa, amma in tsohon ya ƙi motsi a kai a duba.

In yaro ya faɗi wajen ƙwallo haƙori ya fita gaba ɗaya, na yarinta ba'a mayar da shi, zai iya lalata wanda ke ƙasa. Na dindindin kuwa ki ɗauke shi ta kai kar ki taɓa saiwar, kar ki kankare, ki jefa cikin halib wato madara ki ruga wajen likita, cikin awa ɗaya ana iya ceto shi. Kumburin fuska da zazzaɓi shima ba na jira bane, kuma kar a ɗora asfirin kan dasashi yana ƙona shi. Masu damar zuwa markaz sihhi, wato asibitin unguwa, zaku iya kama layi ta manhajar waya ta Sehhaty ko ku kira 937 ku tambaya.

Yarinyar nan dai nata na ƙasa bai ceto ba, sai da kumburin ya sauka aka cire. Sauran ukun mun same su da ɗan sauran lafiya, an cike ɗaya an shafe biyu, kuma uwar tace ranar Asabar zata kawo ƙanin yarinyar ɗan shekara 6 a duba nashi.